Wa'adin biza ya cika, yaƙi bai ƙare ba: ina matsayin 'yan Yukren a ƙasashen waje?

Hajiya Rabi, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san dokar zama a Turai ya haska mini. Ƙanena ya yi karatun likita a Kharkiv da ke Yukren, can ya auri 'yar ƙasar tun kafin yaƙi, suna da 'ya ɗaya. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 suka tsallaka, yanzu suna Jamus. Surukarsa ta ƙi fitowa a lokacin, sai bana da rashin wuta da ruwan bama-bamai suka ishe ta, ta biyo su. Da fasfonta kawai ta shigo, ba biza, kuma ba ta je ta yi rajista a ko'ina ba, wai ita baƙunta ta zo, da zarar ƙura ta lafa za ta koma gidanta. Yanzu ta doshi wata uku. Wani ya ce musu in ta haura kwana 90 zamanta ya saɓa doka, har abin zai iya taɓa takardun ƙanena. Wani kuma ya ce 'yan Yukren ba ruwansu da wannan doka. Wanne ne gaskiya? Hankalin mahaifiyarmu ya tashi.

Malam Sani, Hamburg:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na farkon ya fi kusa da gaskiya. Tun Yunin 2017 ɗan Yukren mai fasfo na zamani, wanda ke ɗauke da zanen yatsa, yana shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, ba biza, amma kwana 90 ne kawai a cikin kowane kwana 180. Wannan damar ta baƙo ce, ba ta ba shi aiki, ba ta ba shi asibiti, kuma tana ƙarewa. Abin da ya bambanta su da sauran mutane shi ne kariya ta wucin gadi da Tarayyar Turai ta buɗe musu ranar 4 ga Maris 2022. Dokar tana nan tun 2001, an rubuta ta ne bayan yaƙin Kosovo, amma ba a taɓa aiki da ita ba sai a kansu. Sai dai kariyar ba ta sauka a kan mutum don kawai ya taka ƙasar. Sai ya je ya nema.

A nan Jamus ofishin baƙi na garin da take za ta je, ta nemi izinin zama a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar zaman baƙi ta Jamus. In ta shigar da buƙatar kafin kwana 90 su cika, zamanta halal ne har a yanke hukunci, kuma za su ba ta takardar riƙon ƙwarya da ake kira Fiktionsbescheinigung. Ki gaya wa ƙaninki kada ya jira a ba shi ranar ganawa, don a wasu garuruwan sai a yi watanni ba a samu ba. Ya tura buƙatar a rubuce yau ɗin nan, ta wasiƙa ko ta shafin ofishin, ya adana shaidar ranar da ya tura. Wannan ranar ita doka ke dubawa.

Hajiya Rabi, Kano:
Allah ya saka da alheri Malam. To amma ita tsoronta, in ta yi rajista kamar ta rufe wa kanta ƙofar komawa gida ne.

Malam Sani, Hamburg:
Ba ta rufe ba. Da yawa daga cikinsu suna zuwa su duba gida ko su yi jana'iza su dawo. A Jamus izinin zama yana faɗuwa ne in mutum ya tashi da niyyar ƙaura gaba ɗaya, ko ya wuce wata shida a waje ba tare da ofishi ya ƙara masa lokaci ba. In tana karɓar tallafi kuma sai ta sanar da masu biyanta kafin ta tafi. Batun ƙaninki kuwa, takardarsa ta rataya ne a kan aurensa, ba a kan surukarsa ba. Laifin zarce wa'adi na wanda ya zarce ne.

Maman Ilham, Warsaw:
Hajiya ki lura, wata shidan da Malam ya faɗa na Jamus ne. A nan Polan, tun dokar da suka yi ranar 12 ga Maris 2022, ana ba ɗan Yukren lambar rajistar mazauna ƙasa da ake kira PESEL, mai alamar UKR, kuma in ya fita ƙasar ya haura kwana 30 alamar ta faɗi. Akwai wata da muke aiki tare a ɗakin ɗinki, ta je jinyar mahaifinta a Yukren ta daɗe, ta dawo ta tarar kuɗin yaranta sun tsaya, sai da ta sake bin layi. Sunan kariyar ɗaya ne a duk Tarayyar, amma kowace ƙasa da nata ƙa'idojin. Kada a ɗauki shawarar Warsaw a yi aiki da ita a Berlin.

Alhaji Garba, Damagaram:
Ni dai ina ganin kuna tsorata baiwar Allah ne. Tsohuwa ce da ta gudo daga yaƙi, wane ɗan sanda ne zai kama ta ya mayar da ita Kharkiv? Mutanenmu nawa ne suka shiga Saudiyya da bizar Umara suka shekara goma ba iƙama, suna cin abincinsu? In ta zauna a ɗakin 'yarta ba wanda zai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Malam Sani, Hamburg:
Alhaji, ranka ya daɗe, ni ma ban ce za a tasa ƙeyarta zuwa fagen daga ba. Amma ka tambayi waɗanda ka ambata yadda suke yi ranar da ciwo ya kwantar da su, da yadda suke ƙarewa a tarhil. Mace mai shekaru a Jamus ba inshorar lafiya, kwana biyu a asibiti sai ya cinye abin da ƙanin Hajiya ya tara a shekara. Da sashe na 24 kuwa tana da likita, tana da tallafi, tana da damar aiki in tana so. Me zai sa mutum ya ɓuya alhali ƙofa a buɗe take, kuma ba a karɓar ko sisi?

Sannan ɓuyan ma ya daina yiwuwa kamar da. Tun 12 ga Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin shige da fice a iyakokin Schengen, ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa, kwamfuta ce ke ƙirga kwanakin baƙo maimakon jami'i ya riƙa laluben hatimi a fasfo. Wanda ya zarce, ranar fita za a gani. Ana iya cin tararsa, ana iya sa masa haramcin shiga da a ƙa'ida yakan kai har shekara biyar, kuma in aka shigar da sunan a rumbun bayanan Schengen, duk ƙasashen yankin sun gani.

Dakta Bashir, Kaduna:
Tunda an taɓo wurin, bari in faɗi abin da ke cina. Duk wannan sauƙin da ake bayani na masu fasfon Yukren ne da iyalansu. Ƙanin Hajiya aure ne ya rufa masa asiri. Mu da muka yi karatu a can ba mu da mata 'yan ƙasa, bam ɗaya muka gudar wa amma ba ƙofa ɗaya aka buɗe mana ba. A iyaka an ware mu gefe cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, ana wucewa da wasu. Ba ƙage ba ne, Tarayyar Afirka da kanta ta fitar da sanarwa a kai ranar 28 ga Fabrairun 2022. Da muka shiga Polan, kwana 15 aka ba irinmu mu san inda dare ya yi mana. Ni na bi jirgin da gwamnatin Najeriya ta turo, lokacin da Max Air da Air Peace suka kwaso ɗalibai daga Romaniya da Polan da Hungari a watan Maris. Na yi sa'a na riga na kammala. Waɗanda suke aji huɗu da biyar fa? Sun dawo gida suna ci gaba da darasi ta intanet, sai hukumar likitoci ta Najeriya ta ce ba za ta karɓi digirin likita da aka yi ta wannan hanya ba. Shi ya sa da yawa suka ƙi hawa jirgin, suka nausa Jamus da Holan. Ba son Turai ne ya kai su ba, shekarun da suka kashe da gonakin da iyayensu suka sayar ne suka hana su dawowa hannu rabbana.

Aminu, Holan:
Dakta ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don ina cikin waɗanda suka nausa. Hukuncin Tarayyar na 2022 ya wajabta kariya ga 'yan Yukren, da waɗanda ke da mafaka a Yukren, da iyalansu. Masu izinin zama na dindindin a can da ba za su iya komawa ƙasarsu lafiya ba, su ma an ce a ba su kariya. Amma ɗalibi da ɗan kasuwa masu izinin shekara-shekara, an bar wa kowace ƙasa ta ga dama. Holan da farko ta karɓe mu duka, muka samu masauki da aiki. Daga baya ta ce za ta janye, aka shiga kotu, wannan ta ce haka waccan ta ce haka, har maganar ta kai Kotun Tarayyar Turai. A Disambar 2024 kotun ta ce ƙasar da ta ba da kariya don ganin damarta tana iya janyewa kafin ta sauran ta ƙare, sai dai ba za ta ba mutum takardar kora ba alhali kariyarsa na aiki. Shari'ar ma da sunan Kaduna aka yi mata laƙabi a kundin kotun. A Satumbar 2025 aka rufe babin. Ni Allah ya taimake ni na samu gurbi a makaranta na koma izinin ɗalibi tun kafin nan. Abokaina da suka zauna jiran kotu, wasu sun koma gida, wasu ban san inda suke kwana ba yanzu.

Alhaji Garba, Damagaram:
To su nemi mafaka mana. Ba yaƙi suka gudar wa ba?

Aminu, Holan:
Nan ne mutane da yawa suka faɗa rami, Alhaji. In ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ya nemi mafaka, ba a tambayarsa abin da ya faru a Sumy ko Kharkiv. Tambayar ita ce me zai same ka in ka koma ƙasar da ta ba ka fasfo. In ba ka da amsa mai ƙarfi a kan wannan, za a ƙi, kuma ƙin yana zuwa da umarnin fita. A Jamus ma wanda aka ƙi wa mafaka, doka takan toshe masa komawa izinin karatu ko na aiki daga cikin ƙasar. Kada kowa ya sa hannu a takardar mafaka sai ya zauna da lauya ko masu ba da shawara kyauta.

Malam Sani, Hamburg:
Haka yake. A Jamus, Berlin da Hamburg da Bremen sun ba ɗaliban da suka fito daga Yukren takardar wata shida su koyi harshe su nemi gurbi. Wata shida ba ta isa mutum ya iya Jamusancin jami'a ba, ga kuma asusun da ake kullewa na kuɗin ci da sha, wanda a 2025 ya kai Yuro 11,904 na shekara guda. Waɗanda na ga sun tsira, yawanci koyon sana'a suka shiga, musamman jinya da kula da tsofaffi, don can ana biyanka albashi kana koyo, ba a neman wancan asusun in albashin ya isa. Baƙin da suka samu sashe na 24 bisa izinin wucin gadi da suke da shi a Yukren kuwa, nasu ya tsaya a Maris 2025, ba a sabunta musu tare da 'yan ƙasa ba.

Ustaz Ɗahiru, Kasala:
Ina karanta ku daga Sudan zuciyata na ƙuna. Tun Afrilun 2023 muke cikin namu yaƙin, miliyoyi sun bar gidajensu, har da Hausawan Khartum da Jazira da kakanninsu suka zauna nan kan hanyar Makka. Ba wanda ya buɗe mana irin wannan doka. Mutum fiye da miliyan huɗu Turai ta ba takarda ba tare da an yi wa kowa tambayoyin mafaka ba. Ashe ana iyawa. Ba na baƙin ciki da abin da 'yan Yukren suka samu, wallahi sun cancanta, uwa da ta kwana a ramin jirgin ƙasa da jaririnta ba ta bambanta da tamu ba. Abin da nake so a daina gaya mana shi ne wai babu hanya.

Barista Hadiza, Amurka:
Ustaz, Allah ya kawo muku ƙarshensa. Gaskiya ka faɗa, kuma zan ƙara da cewa su ma 'yan Yukren abin da aka ba su aro ne, ba kyauta ba. Wanda yake da dangi a nan Amurka ya saurara da kyau, don dokar zarce wa'adi ta nan ta fi ta Turai cizo.

Yawancinsu sun shigo ne ta shirin Uniting for Ukraine da aka buɗe a Afrilun 2022. Wani mazaunin Amurka ya tsaya maka, a ba ka izinin jinƙai na shekara biyu. Wannan ba biza ba ce, kuma ba ta kai mutum ga katin zama na dindindin. A Janairun 2025 sabuwar gwamnati ta dakatar da shirin. Ranar da izinin mutum ya ƙare, in ba shi da wata kariya, agogo ya fara bugawa. Dokar 1996 ta ce wanda ya tara fiye da kwana 180 ba bisa ƙa'ida ba sannan ya fita, shekara uku ba zai dawo ba. In ya cika shekara guda, shekara goma. Abin da ke ruɗa mutane shi ne haramcin ba ya kama ka sai ka fita. Sai mutum ya ce bari in je Polan in ga mahaifiyata in dawo, ashe ya kulle kansa a waje. Yaran da ba su kai 18 ba ba a ƙirga musu.

Mafita ta biyu ita ce TPS, kariyar wucin gadi ta Amurka. An tsawaita ta Yukren zuwa 19 ga Oktoban 2026, amma ta waɗanda suke ƙasar tun 16 ga Agustan 2023 ce. Wanda ya zo bayan nan ba ya ciki. Mafaka kuma a ƙa'ida cikin shekara guda da isowa ake nema, ko da yake akwai uzuri ga wanda yake da halastaccen matsayi a tsakani. Kuma a duba ranar da ke kan takardar I-94 da ake ba mutum lokacin shiga ƙasar, ita ce wa'adin zama, ba ranar da ke jikin biza ba.

Usman, Birmingham:
Ingila ba ta taɓa cire musu biza ba, ko a makon farko na yaƙin. Sai wani ya ɗauki nauyinka a shirin Homes for Ukraine, ko kana da dangi, kuma hanyar dangin an rufe ta a Fabrairun 2024. Na farkon shekara uku aka ba su. Da ta zo ƙarewa aka buɗe ƙarin wata 18 daga 4 ga Fabrairun 2025, kuma lokacin da aka fara sai a kwana 28 na ƙarshe kake iya nema. In ka nema a kan lokaci, haƙƙinka na aiki da haya yana ci gaba har a amsa. In ka bari ta ƙare, mai aikinka dole ya sallame ka don shi ma tara ce a kansa. Gwamnati ta faɗa ƙarara cewa waɗannan shekarun ba sa shiga lissafin zama na dindindin. Akwai yara a makarantar da nake koyarwa da Turancinsu ya fi harshen gidansu ƙarfi yanzu, iyayensu ba su san ko a nan za su rubuta jarrabawar ƙarshe ba.

Maman Ilham, Warsaw:
Ba a yi maganar maza ba. Dokar soja ta hana namiji mai shekara 18 zuwa 60 fita daga Yukren, sai a Agustan 2025 aka sassauta wa 'yan 18 zuwa 22. Waɗanda suke waje kuma, a Afrilun 2024 ofisoshin jakadancin Yukren suka dakatar da yi musu hidima, daga baya aka ce sai wanda ya sabunta bayanansa na soja. To izinin aiki ko na karatu a kowace ƙasa yana son fasfo mai rai. Mutum yana da aiki, yana biyan haraji, amma fasfo ya mutu, ya kasa sauya takarda. Duk mai fasfon da ya rage masa shekara ɗaya ya fara neman sabo tun yanzu.

Alhaji Garba, Damagaram:
Na ji bayananku, kuma na karɓi na asibitin. Amma har yanzu ina ganin ba za a wayi gari a kori mutum miliyan huɗu ba. An tsawaita sau nawa? Za a sake.

Malam Sani, Hamburg:
Mai yiwuwa a sake, Alhaji. An kai ta Maris 2024, aka kai 2025, aka kai 2026, a 2025 kuma aka kai ta 4 ga Maris 2027. Amma a wannan karon da aka tsawaita, Tarayyar ta haɗa da shawarar yadda za a fita daga tsarin: masu aiki da masu karatu su koma izinin ƙasa na yau da kullum, sauran a taimaka musu su koma gida idan hali ya yi. Iskar siyasa ma ta juya. A Polan shugaban ƙasa Nawrocki ya ƙi sa hannu a dokar tallafinsu a Agustan 2025, sai da aka ɗaura kuɗin yara a kan iyaye su kasance suna aiki. A Jamus jam'iyyun da ke mulki sun amince cewa waɗanda suka iso bayan 1 ga Afrilun 2025 za a mayar da su tallafin masu neman mafaka, wanda bai kai na da ba. Surukar ƙanin Hajiya tana cikin wannan rukunin. Ba korar jama'a nake hange ba. Abin da nake hange shi ne ranar da za a ce kowa ya nuna dalilin zamansa shi kaɗai, mai aiki ya wuce, tsohuwa da mai ƙananan yara su tsaya a tsakiya.

Hajiya Rabi, Kano:
Na tura musu duk abin da kuka rubuta, sun aika wasiƙar ɗazu. Malam Sani, tambaya ta ƙarshe don Allah. Shi ƙanin nawa, tunda ka ce takardarsa a kan aure ta rataya, me ya kamata ya yi? A wani gidan kula da tsofaffi yake aiki, digirinsa na likita yana ajiye.

Malam Sani, Hamburg:
Ya fito da digirin, Hajiya. Ya nemi a tantance shi a hukumar lafiya ta jihar da yake. Za su nemi shaidar iya Jamusanci a matakin B2, wato na sama da matsakaici, sannan jarrabawar harshen likitanci a matakin C1 da ke gaba da shi, wadda ƙungiyar likitocin jiha ke yi a yawancin wurare. Da wannan ana iya ba shi lasisin wucin gadi na har shekara biyu ya yi aiki a ƙarƙashin wani likita, kafin ya zauna jarrabawar ilimi ya karɓi cikakken lasisi. In ya samu asibiti ya ɗauke shi, sai ya nemi izinin zama na ƙwararru da sunansa, matarsa da 'yarsa su ma su samu madogara ta biyu ta hanyarsa. Kada ya saki sashe na 24 sai ofishin baƙi ya tabbatar masa a rubuce cewa sabon zai fito. Abin da ya fi cin lokaci shi ne takardun jami'a daga Kharkiv, da fassararsu ta hannun mai fassara da kotu ta rantsar, don haka da su zai fara.

Dakta Bashir, Kaduna:
Ya nemi cikakken jadawalin darussa mai nuna awannin kowane fanni, ba kwalin digiri da sakamako kaɗai ba. Shi suke gwadawa da nasu. Hajiya, ki ce ya yi mini magana ta akwatin sirri, akwai 'yan ajinmu biyu da suka bi wannan hanya a Jamus, zan haɗa su.